Idanun Ƙofar Baba

A gidanmu ni ne ake ganin ya san wuta. Dalilin kuwa bai wuce ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Karaye ba. Ban taɓa gaya wa kowa cewa iyakar sanina allo da alli ne ba, kuma ko ƙwan fitila zan canza sai na kashe wutar gidan gaba ɗaya na yi bisimilla. Sunan ya bi ni, ni ma na bar shi ya bi ni, don yana da daɗin ji. Wannan daɗin ne ya kusa jawo mini abin da ba zan taɓa yafe wa kaina ba.

Mahaifinmu, Baba, ya gamu da shanyewar ɓarin jiki a wata bazara, shekarun baya kaɗan. Allah ya taƙaita ya tashi, amma ƙafar hagu ta koma jan ƙasa, hannun hagu kuma ya yi rauni. Na dama ne ya rage masa. Da shi yake cin tuwo, da shi yake dogara sanda, da shi yake murza sitiyari. Motarsa mai canza giya da kanta ce, saboda haka likita ya ce in dai kusa ne kuma da rana, ba laifi ya tuƙa. A wurin Baba kuwa, kusa na nufin gonarsa ta kan hanyar Rogo, wadda ya gada daga kakanmu mutumin Jajaye. In ya kwana biyu bai leƙa gonar nan ba, kowa a gidan sai ya ji a jikinsa.

Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne ƙofar gareji. Lungunmu matsattse ne, in aka yi ƙofa mai gambu biyu sai ta tare hanya, shi ya sa tun muna yara Baba ya sa wani mai walda ya yi masa irin wadda ake ɗagawa sama, tana gudu da ƙananan tayoyi a kan layin ƙarfe biyu. Mai waldan nan yana cikin masu ganin ƙofar da ba ta da nauyi ba ƙofa ba ce, don haka ya lafta mata ƙarfe kamar ta kurkuku. Ana ɗaga ta da hannu biyu, a sauke ta da wata igiya da ke reto a tsakiya. Garejin kuma a buɗe yake ta baya, ya zarce har tsakar gida, inda mahaifiyarmu Inna take wuni. In ƙofar tana buɗe, duk mai wucewa sai ya hango madafa.

Farkon damina, wata safiya, Baba ya ɗaga ta da hannu ɗaya, ta suɓuce ta sauko masa a kafaɗa. Bai karye ba, amma ya kwana uku ba ya iya sa riga da kansa. Yayanmu, wanda ke zaune a Kano, ya iso ranar da ya ji labari. Ɗan fari ne, don haka Inna da Baba ba sa kama sunansa, sai dai su ce na birni. Mutum ne mai yanke magana sau ɗaya. Ya zauna a gaban Baba cikin ladabi, kansa a ƙasa, ya ce ya riga ya gyara ɗaki biyu a gidansa, kusa da asibiti, kuma wanda ba ya iya buɗe ƙofar gidansa bai kamata a bar shi daga shi sai tsohuwa ba. Za a ba da gona aro, a ajiye mota.

Baba ya ci gaba da jan carbinsa. Amma na ga yadda fuskarsa ta zube, na kuma san in aka raba shi da gonar nan an gama da shi. Kafin in yi tunani bakina ya riga ni. Na ce ai akwai injin da ake sa wa irin wannan ƙofa, ta buɗe da kanta ta rufe da kanta, ɗan yatsa ɗaya kawai ake buƙata, kuma ni zan haɗa shi. Yaya ya dube ni irin duban da yake mini tun muna firamare. Ya ce ya ji, zai dawo Juma'a ta uku bayan an haɗa injin. In ya ga Baba ya fita ya rufe gidansa shi kaɗai, ba wanda ya taimaka masa, zai bar maganar. In bai gani ba, da su zai koma.

A wani bidiyo na waya kawai na taɓa ganin injin. Na shiga Kano na yi yawo har na samu na hannu, wanda aka cire daga wani gida, da rimot biyu da ɗan littafin bayani da gefensa ya sha ruwa. Na kwashe kwana biyu ina karanta littafin nan kamar mai shirin jarrabawa. Injin akwati ne da ake rataye shi a rufin gareji, da dogon ƙarfe mai sarƙa a ciki wanda ke jan ƙofar. Sai wasu ƙananan abubuwa biyu baƙaƙe, kowanne bai fi kwalin ashana ba, da ake kafawa a gefen ƙofa dama da hagu, taƙi ɗaya daga ƙasa, suna kallon juna. Littafin ya ce ɗaya na aika wa ɗaya wani haske da ba a gani, in wani abu ya gitta tsakaninsu ƙofar ba za ta sauka ba. Ni dai idanu na kira su, sunan kuma ya zauna.

Ranar Asabar na ɗauko mai waldan nan, wanda shi ma ya tsufa amma bakinsa bai tsufa ba. Ya yi wa injin mazauni a rufi, ni ina ƙasa riƙe da tsani ina karanta masa littafi, shi yana cewa tun kafin a haife ni yake wannan sana'a. Wuta ba ta ba mu wahala ba, don Yaya ya riga ya sa wa gidan sola da batir tun lokacin jinyar Baba. Da muka gama na danna rimot, injin ya yi gurnani, ƙofar ta taso kamar kamu ɗaya ta tsaya. Na sake dannawa, ta koma. Gumi ya keto mini. Mai walda ya yi dariya ya ce injin ya san ya haɗu da ƙarfe na gaske.

A jikin akwatin akwai wani ɗan noti da ke ƙara wa inji ƙarfi. Littafin ya ce a murza shi kaɗan-kaɗan, kada a wuce kima, domin in ƙarfin ya yi yawa ƙofar ba za ta ji ta taɓa wani abu ta koma sama ba. Na karanta wannan gargaɗi da idona. Na murza kaɗan, ba ta tashi ba. Na ƙara, ta kai rabi. Rana ta yi zafi, maƙwabta sun fara taruwa a bakin lungu, ana cewa malamin kimiyya zai sa ƙofa ta yi tafiya. Sai na murza notin har ƙarshe. Ƙofar ta tashi tsaf, ta sauka tsaf, mutane suka yi ta sa albarka, ni kuma na rufe littafin.

Da la'asar na kai wa Baba rimot yana zaune a kujerarsa cikin gareji. Ya juya shi a tafin hannu, ya tambayi wanne zai danna, ya danna. Ƙofar ta sauko a hankali har ta taɓa ƙasa. Ya sake dannawa ta tashi. Ya yi haka sau huɗu, yana ƙoƙarin ɓoye murmushi a cikin gemu, har Inna ta leƙo ta ce a bar wa gobe saura. Ranar na koma gida ina jin kaina wani babban injiniya.

Litinin aka fara jarrabawar ƙarshen zango, ni kuma aka ɗora mini tsaron babban aji tun daga safe har azahar. Ina tsaye a tsakiyar ɗalibai wayata ta yi ta motsi a aljihu. Da na fita na duba, Inna ce. Ta ce ƙofa ta buɗe, Baba ya fitar da mota, amma ta ƙi rufuwa, fitilar injin ce kawai ke ƙiftawa. Ya yi ta fama, daga ƙarshe ya mayar da mota ciki ya fasa tafiya, don ba zai bar gida a wangale ba. Na tambaye ta ko ta ga yadda ya yi, ta ce tana madafa, ita dai ta ji shiru.

Ana tashi na hau babur na nufi gidan. Na karɓi rimot na danna, ƙofar ta sauko ba gardama. Na buɗe, na rufe, na fita waje na gwada, na shiga ciki na gwada. Na miƙa wa Baba a kujerarsa, ya danna, ta rufu. Na ce ƙila batirin rimot ne ya yi sanyi, na canza masa sabo. Washegari da hantsi waya ta sake motsi.

Daga nan na shiga zargin komai. Na fara da batirin gida, don damina ce, hadari na rufe rana, na ce wataƙila da safe wutar ba ta kai ba. Na roƙi Inna ta daina barin firji a kunne kafin gari ya waye, ta yarda ba don ranta ya so ba. Bai yi magani ba. Na goge idanun da tsumma, na kore saƙar gizo-gizo, na daidaita su har fitilarsu ta daina rawa. Na bi wayoyinsu da yatsa tun daga ƙasa har rufi, ina neman inda ɓera ya ci. Sannan na tuna ƙofar gabas take kallo, littafin kuma ya ce rana in ta daki ido kai tsaye takan rikita shi. Na ji kamar na tsinci zinare. Na yanka gwangwanin madara biyu na yi wa idanun rumfa, na koma gida da tabbacin an gama. Da safe Inna ta kira.

Juma'a ta farko ta wuce, ta biyu ta ƙaraso. Kullum da rana ƙofa lafiya lau, kullum da safe ta ƙi Baba. Na zo wata Asabar da sassafe don in gani da idona, sai ya ce yau ba ya jin zuwa gona, ya miƙo mini rimot ya shige ɗaki. Na san halinsa. Ba zai tsaya a gaban ɗansa yana danna abu yana ƙi ba. In na tambaye shi yadda yake yi, sai ya ce yadda na nuna masa, ya kawar da kai. Ni kuma ba tarbiyyar da ta ba ni damar titsiye shi.

Abinci ya daina shiga mini. A aji sai in tsinci kaina ina zana wayoyin ƙofa a bayan takardar suna. Duk motsin waya gabana sai ya faɗi. Yaya yana bugowa jifa-jifa ya tambayi yaya aikin injiniya, in ce ana kan gyara, ya ce Allah ya taimaka da muryar da ke nuna ya riga ya sayi labulen ɗakin. Masara ta kai lokacin zuba taki, Baba kuma bai taka gona ba sai da wani maƙwabci ya kai shi sau ɗaya, ya dawo ransa a ɓace don an yi ta jiransa a mota.

Ranar Talata ta makon ƙarshe Inna ta ja ni madafa ta rage murya. Ta ce ƙofa ba ita ce damuwarta ba yanzu. Ta ce Baba ya koma zama shi kaɗai yana kallon hannunsa na dama, yana buɗe yatsu yana dunƙulewa. Ta kama shi yana matsa lemon tsami don ya gwada ƙarfinsa. Shekaranjiya kuma ya sa ta ɓalla masa maɓallin wuyan riga, abin da ko a asibiti bai yarda an yi masa ba. Na fito na same shi a kujera, na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, sannan ya ce:

"Malam, ka daina wahalar da kanka. Ƙofar nan ba ta da laifi. Kai in ka danna tana ji. Ni ne da safe hannun ba ya kaiwa. Ina ga ciwon ya tsallako."

Na ce ba haka ba ne, Baba, ai da rana kuna dannawa tana rufuwa. Ya ce da rana jini ya warware. Ya ce ƙila na birni ya fi mu hangen nesa, ya tambaye ni ko ɗakin da aka gyara yana da taga. Wannan tambayar ta taga ta fi komai tayar mini da hankali, don mutumin da na sani ba ya tambayar tagar ɗakin da ba zai kwana a ciki ba.

Washegari na ajiye girman kai na kira wani mai gyaran wuta da ke da rumfa a kasuwar Rogo, mutumin wajen Zoza, wanda ake yabo da saurin hannu. Ya zo bayan azahar, muka gaisa, ya tambayi jikin Baba da gida da damina, sannan ya zagaya ƙofar sau ɗaya ya tsuguna a gaban gwangwanayen madarata ya yi murmushi. Ya ce idanun nan fitina ce kawai ta mutanen da suka ƙera injin, ƙasarsu daban tamu daban. Ya ce shi duk inda ya tarar da su cire su yake yi, ya haɗa su fuska da fuska ya naɗe da salatif ya rataye a sama. Ta haka kullum suna ganin juna, ƙofa kuma ba ta da hujjar ƙin sauka.

Na san abin da hakan ke nufi. Ni ne na karanta littafin, ni ne kuma na murza notin ƙarfi har ƙarshe. Na ce masa to in wani abu yana ƙarƙashi fa? Ya ce wa zai tsaya a ƙarƙashin ƙofa tana saukowa, gidan ma ba ƙananan yara. Saura kwana biyu Yaya ya zo. Na tuna Baba yana matsa lemon tsami. Na ce ya yi. Cikin minti goma ya gama, idanun suka koma rufi a naɗe kamar ƙullin goro, ƙofa ta hau ta sauka sau biyar. Na gaya wa Baba an gano matsalar, gobe ya shirya zuwa gona. Ya gyaɗa kai kawai.

Hankalina bai kwanta ba. Da safiyar Alhamis na roƙi wani abokin aiki ya riƙe mini aji, na hau babur. Ina shan kwanar lungu na hango motar Baba a waje, injinta na aiki. Na kashe babur a gindin darbejiyar maƙwabta na tsaya, don kada ya gan ni ya fasa. So nake in ga ƙofar ta rufu a hannunsa, in tafi ba tare da ya sani ba.

Ya buɗe mota ya sauko da ƙyar, sanda a hannun dama, rimot rataye a wuya da zaren da Inna ta sa masa. Na zaci daga nan zai danna. Sai na ga ya juya yana jan ƙafa, ya koma har bakin gareji, ya hau dokin ƙofa, ya tsaya daidai tsakiya, fuskarsa na kallon cikin gida. Ya jingina sandar a cinyarsa, ya yi addu'ar fita daga gida, ya shafa. Sannan ya ɗaga murya ya ce wa Inna sai ya dawo, ya tsaya yana jiran ta amsa daga madafa.

Na san wannan tsayuwar tun ban fi tsawon sandar nan ba. A nan igiyar tsohuwar ƙofa take saukowa. A nan yake tsayawa ya yi addu'a, ya yi sallama da Inna, ya kama igiya, ya ja da baya yana sauke ƙofa a gabansa. Simintin wurin har ya yi santsi saboda sawunsa. Na cire igiyar, na sa inji, amma ban taɓa tunanin inda mutumin yake tsayawa ba. Kwana goma sha bakwai ke nan yana tsaye a tsakanin idanun nan biyu, babbar rigarsa ta tare hasken, ƙofa kuma tana ƙin sauka a kansa. Jiya da yamma na sa an rufe mata ido.

Muryar Inna ta fito tana cewa a dawo lafiya. Ya kai hannu wuya.

Ban san lokacin da na saki babur ya faɗi ba. Na ji gurnanin injin, na ga gefen ƙofar ya fara leƙowa daga sama. Baba ya ɗaga kai yana kallonta, ba tsoro a fuskarsa, murna ce. Ya yi nufin ja da baya kamar yadda ya saba, ƙafar dama ta tafi, ta hagu ta ƙi biyo ta. Na isa na rungumo shi ta ƙugu na fizgo, muka tafi da baya muka jingina da bayan mota. Gefen ƙarfen ya share hularsa ta faɗa ciki. Sandarsa ta faɗi a kan dokin ƙofa, ƙofar ta sauka a kanta, ba ta tsaya ba, ba ta koma ba. Na ji ƙarar karyewar itace, sandar ta rabu biyu, sannan injin ya yi shiru.

Muna tsaye a lungu, ni ina haki, shi kansa ba hula, furfurarsa a fili, abin da ban taɓa gani a waje ba. Na cire tawa na sa masa. Ya dubi ƙofar, ya dubi rimot, ya dube ni. Bai tambayi daga ina na fito ba.

"Ka gani," ya ce. "Yau ta ji."

Na tsuguna a gabansa a cikin laka. Na gaya masa komai, tun daga notin da na murza har salatif ɗin jiya. Na ce hannunku lafiya yake, Baba, tun ranar farko yana kaiwa. Ƙofar ganinku take yi a ƙarƙashinta shi ya sa take ƙi, ni kuma da na kasa ganewa sai na sa aka makantar da ita. Na ce ya yafe mini. Ya daɗe yana kallon guntun sandar da ya leƙo ta ƙasan ƙofa.

"Wato ba hannuna ba ne."

"Ba shi ba ne, Baba."

Ya ɗaga hannun ya buɗe yatsu ya dunƙule, sau biyu, kamar yana gaisawa da wanda ya dawo daga tafiya. Sai ya ɗora shi a kaina, ya ce in tashi kada mutane su taru, kuma kada Inna ta ji wannan daga bakina.

Ban koma makaranta ba ranar. Na hau tsani na warware salatif, na mayar da idanun mazauninsu. Na ɗauko mai walda na ce a canza sifirin ɗin ƙofar, wato naɗaɗɗun ƙarafan da ke taimaka mata tashi, a sa masu ƙarfi, yadda za su ɗauke mata nauyi, ya yi ta mita yana cewa za a lalata masa aiki, amma ya yi. Da ƙofar ta yi sauƙi har ina ɗaga ta da hannu ɗaya, na mayar da notin baya. Na ajiye tsohuwar ƙwarya a dokin ƙofa can ƙasa da hasken idanu na danna, ƙofar ta taɓa ta ta koma sama, ƙwaryar ba ta tsage ba. Na gwada ya fi sau ashirin, har Inna ta leƙo ta tambaya ko ƙwaryarta ta yi mini wani laifi.

Saura magana ɗaya mai wuya, wato gaya wa dattijo ya sauya inda ya shekara arba'in yana tsayawa. Na yi ta kewaye-kewaye, shi ya katse ni. Ya ce addu'a da sallama a dokin ƙofa zai ci gaba da yinsu, wannan ba inji ne zai hana shi ba. In ya gama zai ja baya taku uku sannan ya danna. Ya tashi ya ƙirga takun da kansa, dogare da muciyar da Inna ta ara masa tana tambayar ina sandarsa, ya ce ta tsufa.

Yaya ya iso ranar Juma'a da hantsi, bayan motarsa a share, an kwantar da kujeru don kaya. Bayan gaishe-gaishe ya ce to a gani. Muka tsaya a gindin darbejiya ni da shi. Baba ya buɗe ƙofa daga cikin mota, ya fito da ita, ya sauko da sabuwar sandar da na sayo masa, ya koma dokin ƙofa ya yi addu'arsa, ya yi wa Inna sallama ta amsa. Sai na ga ya kai hannu wuya yana tsaye a wurin. Na yunƙura zan tafi. Ya danna. Fitila ta ƙifta, ƙofa ba ta motsa ba. Yaya ya sauke numfashi ya dube ni.

Baba ya juyo ya kalli Yaya, ya ja baya taku uku yana ƙirgawa a fili, ya sake dannawa. Ƙofar ta sauko a hankali ta zauna.

"Ka ga ta farko da gangan na yi," ya ce wa Yaya. "In ina tsaye a wurina ba ta sauko mini a ka. Tana jira sai na matsa da kaina."

Yaya ya sunkuyar da kai. Ya fahimci abin da aka gaya masa, ni ma na fahimta. Bai sake ta da maganar Kano ba, ya dai ce a riƙa kiransa in an ga wani abu. Bayan sallar Juma'a Baba ya tuƙa mu mu biyu zuwa gona, yana tafiya kamar mai rakiyar amarya, yana nuna mana inda ciyawa ta ci ƙarfin masara saboda rashinsa.

Yaya bai san labarin sandar ba har yau, Inna ma haka, sai dai ina zargin ta tsinci guntun da ya faɗa ciki ta yi shiru. Ɗaya guntun yana cikin durowar teburina a makaranta, inda nake ajiye alli. Baba yana nan yana zuwa gonarsa. Ni kuma na koyi wata rashin kunya da ba a san ni da ita ba. Duk ranar da na je gidan, kafin in yi sallama, kafin in gaida kowa, sai na tsuguna a dokin ƙofa na goge idanun nan biyu da bakin rigata.